Farar Ƙwayar da Na Aro wa Inna

Yaya Binta,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Allah sa kuna lafiya.

Tun ranar da malamin asibitin ƙauyenmu ya ce maganin hawan jini ya ƙare, ban huta ba. Kuɗin na kemis a Daura ya fi ƙarfinmu. Yanzu mata aron ƙwaya suke yi ta katanga kamar gishiri. Ni ma na aro wa Innarmu wata fara mai kama da tata, ashe ta ciwon suga ce. Ta yanke jiki ta faɗi, da ƙyar ta farfaɗo.

A littattafan da nake karantawa, likita har ɗaki yake zuwa. Na gaji, Yaya.

Ki gaishe da Baban Amira, ku sa mu a addu'a. Maigidana ya yarda, ranar Asabar zan kawo miki Inna.

Ƙanwarki,
Rukayya