Amyoyin Sanda Da Ke Cikin Gandun Daji

Zuwa ga mai girma Bature mai kula da gandun daji.

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kana lafiya da kai da iyalinka. Bayan haka, ni ne Mamman Mai Zuma, talaka daga wani ƙauye kusa da Fakku. Sau biyu nika takawa har Tambuwal don in gan ka, masinja shina cewa ka fita rangadi. Shi ya sa na sa malami ya rubuta wannan, a karanta ta a fili, ko ta iske ka kafin ranar kasuwar Kebbe mai zuwa. Ranar ce masu gadin daji sunka ce za su ƙone sauran amyoyin ɗana.

Na farko. Ɗana Sanda kurma ne, kuma ba ya magana. Zazzaɓi ya tafi da jinsa tun shina goye. Bana ya kai sha bakwai. Uwarsa ta rasu, ni kuwa gwiwa ta ƙare, ban iya hawan ko gungume. 'Yan'uwa sun sha ba ni shawara in kai shi birni ya yi bara, wai abin da Allah ya tsaga masa ke nan. Na ƙi. Shekara bakwai nika koya masa sana'ar ubana: saƙa amya da ciyawa, shafe ta da kashin shanu, turara ta, a ɗaura ta bisa ɗorawa. Yau ya fi ni. Tafin hannu kawai zai ɗora a jikin amya ya gane ko ta cika, abin da ni sai na kara kunne. Amya goma sha fuɗu gare shi, duk saƙar hannunsa.

Na biyu. Da kaka anka share iyaka anka kafa turaka, itatuwan da amyoyin ke bisa sunka faɗa cikin gandu. An ce an yi shela da ganga a kasuwa. Ranka ya daɗe, ganga anka buga wa kurma! Ni ina kwance lokacin, da labari ya zo mini na zaci sara da kiwo kaɗai anka hana. Wannan kuskurena ne, ban ɓoye ba. Amma ƙudan zuma wane icce ya taɓa kashewa?

Na uku. Ran Talatar da ta wuce da hantsi Sanda ya je gyara igiyar wata amya. Masu gadi biyu, baƙi ne a ƙasarmu, sunka hango shi shina tafiya. Sun ce sun kira shi sau uku ya yi banza da su. Duk ƙauyenmu har yara sun san ba a zo wa Sanda ta baya. Hogen ƙasa ake jefawa gabansa, ya waiwayo, sannan a yi masa magana da hannu. Su kuwa ta baya sunka zo, sunka sauke masa sanda a kafaɗa. Sunka sauke amya fuɗu sunka cinna musu wuta da ƙudan a ciki, shina tsaye shina kallo. Wallahi da na ga shatin dukan nan sai da na yi kuka, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Ga roƙona. A bar amyoyi goman da sunka rage inda suke. A ba shi takardar izini da hatiminka, in ɗinke masa ita cikin fata ya rataya a wuya, tun da bakinsa ba zai kare shi ba. A kuma gaya wa masu gadi su riƙa zo masa ta gaba. In kuwa doka ba ta lanƙwasuwa, to a yi mana haƙuri ya ɗebe zuma kafin ruwa ya sauka, ya kwashe ƙudansa da hannunsa. Ban nemi a hori kowa ba.

Ranka ya daɗe, ni da Sanda muna da alamar hannu ta ƙudan zuma, da ta ruwan sama, da ta uwarsa. Ba mu da ta gandu, na rasa yadda zan bayyana masa laifinsa. Jiya da safe na same shi zaune kusa da ciyawar saƙa bai taɓa ta ba. Ya dube ni, ya miƙo hannu ya buɗe tafi sama, irin na masu bara a bakin kasuwa, ya ɗaga gira shina tambaya ko shi ke nan abin da ya rage. Na kama hannun na kife shi. Amma ni tsoho ne, ba kullum zan kasance kusa in kife shi ba.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka 'ya'yanka da jinsu da ganinsu, ya sa wannan takarda ta riga wuta isa.

Wassalam.

Mamman Mai Zuma, uban Sanda.