Yatsana a Kan Sikeli

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsakar ranata, ruwan farko bayan dogon rani, matata kuma abokiyar hirata ta shekara goma sha bakwai,

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta baƙon da kike ɗauke da shi, zan fara da gyara, domin kin san halina: ba na iya cin abinci a kan tebur mai girgiɗi sai na cusa masa takarda a ƙafa. Labari ya iso mini cewa Yayarki ta shaida wa dangi wai na mayar da gadon jaririn da kika saya ne saboda ya yi tsada, kuma wai na sulale da shi da sassafe kina barci. Ina girmama Yaya, Allah ya ƙara mata lafiya. Yau kwana goma sha ɗaya tana riƙe da ke, riƙon da ba ni da abin saka mata. Amma a zancen nan nata akwai kuskure biyu. Na farko, ba da sassafe ba ne. Ƙarfe biyu da kwata ne na rana, kina asibiti wurin awon ciki. Na biyu, ban ambaci tsada ba. Abin da na ce shi ne, tazarar da ke tsakanin sandunan gadon santimita tara ce, alhali takardar da ungozoma ta ba mu ta ce kada ta wuce shida, don kada jariri ya zura jiki ya maƙale. Sau uku na auna. Tara ce.

Wannan shi ne gyaran da nake wa Yaya. Saura wanda zan yi wa kaina, wanda ya fi nata girma, kuma shi ne dalilin wannan takarda, tunda kin daina ɗaga wayata, ni kuma dama ban taɓa amincewa da maganar da ba a iya sake karantawa a gyara ba.

Ya ke fitilar gidana! Masu rubuta wa mata wasiƙa sukan kira su wata. Ni ban yarda da wannan kwatanci ba, domin wata rabin kwanakinsa raguwa yake yi, ke kuwa ban taɓa ganin kin ragu ba. Sukan ce fure, alhali fure kwana uku ne. In dole sai an kwatanta ki, to ke rijiya ce da ake ɗiba tun hantsi, a dawo da yamma a tarar ta ciko har baki. Ke mangwaro ce da ta miƙa reshe ta kan katanga, mai wucewa ya tsinka, maƙwabci ya tsinka, ba ta taɓa tambayar guda nawa aka ɗauka ba. Yaya aka yi irin wannan bishiya ta yarda ta tsiro a gidan mutumin da ke ƙirga ganye?

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ina sufeton ma'auni, tuzuru mai shekara arba'in da takwas wanda dangi suka gaji da yi wa zancen aure, na shigo shagon yadin da kike aiki ɗauke da jakar duwatsun awo, masu shaguna na ta ɓoye sikelinsu a ƙarƙashin kanta. Na ɗora sandar awonki a kan tawa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara ashirin da uku na aiki: taki ta fi ƙa'ida tsawo da santimita biyu. Duk wanda ya sayi yadi a hannunki, da ƙari yake tafiya! Kika dube ni, almakashi a hannu, kika ce in akwai tara a kan mai ba da ƙari, to in rubuta, kuma in daure in ƙara santimita biyu a kan tarar. Na ciro alƙalami, hannuna ya ƙi. Sau huɗu na dawo cikin watan nan ina duba sandar da na riga na duba, har mai shagon ya ce ko dai sandar ce ke girma da dare. Tun ranar kika raɗa mini Malam Sikeli, kuma ban taɓa jin muƙamin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

To ga gyaran, ki karanta a hankali. Shekara talatin da biyar ina cin tarar masu ɗora yatsa a kan sikeli, na san dabarar ciki da bai: mai saye yana kallon allura, yatsan yana can baya yana aikinsa. Ranar da aka kawo gadon nan, ni ma haka na yi. Tun ina hango shi a bayan motar kanti, da fentinsa ruwan ɗorawa, da 'yan tsuntsayen roba suna lilo a samansa, na yanke cewa ba zai kwana uku a gidan nan ba. Daga baya ne na ɗauko tef ɗin awo. Santimita taran nan gaskiya ce, amma shaidar haya ce. Da na tarar da biyar, da na nemo wani aibin. Kuma kuɗinki ne. Wata uku kina kan keken ɗinki da ƙafafu a kumbure kina tara su, na mayar da abinki ban shawarce ki ba, na karɓo kuɗin na kulle a akwatin ƙarfe, har da 'yar takarda mai kwanan wata. Yaya ta kuskure sa'a, ta kuskure lafazi, amma ba ta kuskure laifin ba.

Me ya sa na aikata haka? Rowa ce? Da rowa ce da sauƙi, ya ke sanyin zuciyata, domin marowaci yana barci lafiya a kan dukiyarsa. Tsoro ne, iri biyu. Sau uku muka sa rai, sau uku hadari ya haɗu ya watse ba ruwa. A na ukun, wanda ya kai wata bakwai, kin san wanda ya naɗe 'yan rigunan nan ya jera a kwali kina kwance a asibiti, ya fitar da su don kada ki dawo ki gan su. Ban taɓa gaya miki ba, amma kwalin nan da bai kai kilo huɗu ba shi ne kaya mafi nauyi da na taɓa ɗauka. Saboda haka duk abin da kika shigo da shi gidan nan, idona ba ya ganin ranar amfani da shi, sai ranar fitar da shi.

Tsoro na biyu lissafi ne, lissafi kuwa ba ya jin lallashi. Shekarata sittin da shida. Ranar da baƙon nan zai cika ashirin, in Allah ya kai mu, ina da tamanin da shida, ko kuma ana yi mini addu'a. Fansho yana nan tsaye inda aka bar shi, farashi kuwa gudu yake kamar an koro shi. Duk abin da na hana ki kashewa, a raina kuɗin makarantar wata shekara ne da ba lallai ina nan ba. Ranar da kika ɗauki jakarki kin faɗa mini magana a bakin ƙofa: kin ce yaro bai iso ba na fara auna masa numfashi, kuma in aka bar ni, nonon ma sai na ɗora a sikeli. Na so in gyara miki cewa ruwa da lita ake auna shi. Allah ya taimake ni na yi shiru.

Kwana goma sha ɗaya na zauna da maganar nan, ni da kekenki da na lulluɓe da zane, da kofinki mai tsagaggen baki da kika hana a yar, da tsintsiyar da ban san ma'ajiyarta ba sai yanzu. Wane irin gida ne wannan da komai yake a mazauninsa amma ba kowa? Agogo daidai, labule daidai, takalma a jere kamar sojoji, mai gidan kuwa kamar gona ce da aka share aka yi kunya, aka manta da iri! Na gane cewa ina tanadi don ranar da ba na nan, ke kuma kina saye don ranar da zai zo, kuma a cikin ranakun nan biyu taki ce ta fi kusa, saura mako bakwai.

Kada ki ɗauka na sauya gaba ɗaya. Icen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa a kwana goma sha ɗaya. Ina nan a kan ra'ayina cewa riguna ashirin da biyu sun yi yawa ga mutumin da zai fi ƙarfinsu cikin mako shida. Amma na daina neman maganin tsorona a cikin jakarki. Ranar Litinin na kafa tebur a bakin kasuwa, kusa da mai yankan makulli, na shimfiɗa duwatsun awona da 'yan sukundireba, na rubuta allo da hannuna: ANA GYARAN SIKELI. Kin san wanda ya fara zuwa? Mahaucin nan mai ƙaton ciki da na ci tara sau uku. Ya tsaya a kaina yana dariya har da riƙe ƙugu, ya ce ashe Sufeto ma yana saukowa ƙasa, ya roƙe ni in gyara masa yadda zai ɗan riƙa jin tausayinsa. Na gyara masa daidai wa daida. Ya biya, ya ƙara, na karɓa ban yi musu ba. Zuwa jiya na gyara goma sha tara. Idona da tabarau garau yake, hannuna ba ya rawa, kuma muddin ana ciniki a duniya sikeli ba zai daina lalacewa ba. Ki kwantar da hankalinki: yaron nan zai yi karatu, kuma zai sa safa mai kyau yana yi.

Na koma kanti in dawo da gadon, na tarar an sayar. Ban yi baƙin ciki ba, tara dai tara ce. Na tafi wurin kafintan ƙarshen layinmu da gumina na farko na teburin gyaran nan. Tazarar sanduna biyar da rabi. Fenti ruwan ɗorawa irin wanda kika zaɓa. Tsuntsayen roba guda shida, na sayo su da kaina. Da muka zo tsawo, ya faɗi abin da aka saba yi, na ce ya ƙara santimita biyu. Ya tambaye ni dalili. Na ce ƙa'idar gidanmu ce.

Ki dawo, ya ke damina mai albarka, ki dawo gonarki! Likita hutu ya ce ki yi, bai ce sai a gidan Yaya ba; na sake karanta takardarsa. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu zan zo da motar haya, in gaida Yaya, in ba ta haƙuri a gaban duk wanda ta ga dama, in jira ki. In kin ɓata minti arba'in kina shiri kamar yadda kika saba, ba zan dubi agogo ba. In ba ki fito ba, zan dawo Jumma'a, in dawo Asabar. Mutumin da ya duba sanda ɗaya sau huɗu ba ya gajiya da zarya. Amma na san za ki fito, domin ban taɓa ganin kin ba mutum daidai abin da ya cancanta ba, kullum sai kin ƙara.

Naki ne ni a sauran kwanakina, masu yawa ne ko kaɗan, ba ragi ba tauyewa, har ranar da za a ɗora ayyukana a sikelin da ba a sa masa yatsa.

Mijinki,
Malam Sikeli

Abubuwan da ke haɗe da wannan takarda, ta hannun matar kafinta:

Ɗaya, ambulan mai kuɗin gadonki, cif-cif yadda aka mayar mini. Ki kashe su yadda kika so, ba sai na ji ba.

Biyu, makullin akwatin ƙarfe. Na yanko na biyu, ɗaya naki ɗaya nawa.

Uku, guntun katako da fentin gadon, ki duba ko launin ya yi.

Huɗu, safa ƙafa biyu, fara da ruwan ɗorawa. Ban yi ciniki ba, ban karɓi rasit ba.

Biyar, tef ɗin awona. Ki ajiye shi a wurinki. In baƙon ya iso, ungozoma ta auna shi. Ni ɗaukarsa kawai zan yi.