Gwangwanin Galura Ya Koma Lakwaja

Daga Attahiru baduku a Tudun Wadan Zariya, zuwa ga ƙanena Isiyaku a Lakwaja. Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har Tudun Jukun take takawa da kanta.

Bayan haka, gwangwanin galura, garin rinin nan na Turawa da ka aiko, ya iso, ga shi na mayar maka ta hannun mai kawo takardar nan. Baturen kantin da ka bai wa sunana ya zo rumfata ran Talata da tafintansa. Wai tunda ni ne babba cikin dukawan nan, in tsaya a kasuwa in shaida wa jama'a rinin galura ya fi na gangamau, shi kuma ya ba ni aikin duk jakunkunan da zai aika ƙasarsu. Ba zan ɓoye maka ba, na gwada ta. Tana da haske, kuma kafin matata Saratu ta daka gangamau turmi ɗaya na rina fata uku. Amma da fatar ta bushe na lanƙwasa ta, sai ta tsattsage, hannuna kuwa kwana biyu yana ƙaiƙayi. Na ce wa tafinta ya gaya wa ubangidansa, abin da nake rini da shi Saratu har a miya take zubawa, in ya yarda ya lashi garin nasa a gabana, ni kuma in yabe shi. Tafinta ya ƙi faɗa masa, amma Baturen ya gane daga fuskata. Ya kai aikin wurin Gwadabe, maƙwabcina.

Na san za ka ce na kori arziki, na kuma kunyata ka a wurin aikinka. Ka yi haƙuri, amma kada ka sake bai wa kowa sunana. Matan Hanwa bakwai ne ke haƙo mana saiwar rawaya da gangamau tun Baba yana da rai, ba da bakina za a sallame su ba. Jiya Hajo, babbarsu, ta zo da kwando a ka, ta tsaya daga nesa tana tambaya ko har yanzu ina so. Na ce ta sauke, mako mai zuwa ta kawo biyu.

Inna tana sa maka albarka. Ka gai da matarka Maijidda da ɗiyarku Mairama. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne wanka,
Attahiru. Wassalam.