Ni Nake Zuba wa Motar Maigidana Ruwa a Tanki

Assalamu alaikum Uwargida mai filin shawara, tare da ku masu karatu maza da mata. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a wannan shafi ina cewa Allah ya kyauta, ban san wata rana tawa za ta zo ba. Don Allah kada a buga sunana. Kuma kafin wani ya ɗauki biro ya kira ni muguwa ko maciya amana, ya daure ya karanta har ƙarshe. Ba kuka na zo yi muku ba, ba kuma yafiyarku nake nema ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a unguwar Bagama, a garin nan namu da aka karɓe wa suna aka ba sabon birnin tarayya, har yanzu bakinmu bai gama sabawa da cewa Suleja ba. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, muna da 'ya ɗaya da muke kira Ummi. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya duka, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Aibinsa ɗaya ne, yana son a kalle shi. Da aka biya ma'aikata ariyas, wato bashin ƙarin albashi, tsararrakinsa wasu suka sayi fili, wasu suka sayi mota mai ƙofa huɗu da za ta ɗauki iyali. Shi kuwa ya tafi Kaduna ya dawo mana da motar tsere, ja wur, marar rufi, mai kujera biyu tak, cikinta na neman shafar ƙasa. Yaran unguwa suka sa mata suna Silifa. Na ce, "Baban Ummi, mu uku ne a gidan nan, ina na ukun zai zauna?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, cinyarki fa?" Ya yi ta ba ni labarin yadda aka karɓe shi a kamfanin: Baturen manaja da kansa ya buɗe masa ƙofa, aka ba shi lemo mai sanyi da kalanda, aka ce akwai garanti, ko tari motar ta yi ya kawo ta, su 'yan uwansa ne har abada.

Ban yi gardama ba. Har ma ni kaɗai ya yarda in riƙa wanke ta, don ya ce hannun kowa zai karce masa fenti. Duk safiyar Asabar zai miƙo mini mukullai ya tafi gaida mahaifiyarsa da ƙafa, ni kuma in ɗauko bokiti da tsumma. A lokacin wallahi da zuciya ɗaya nake yi.

Wata ranar Lahadi da la'asar muna dawowa daga wajen Dutsen Zuma, Ummi na kan cinyata tana waƙa, muka zo gangaren nan na kusa da Gauraka. Na ga ƙafarsa tana taka birki tana sake takawa, motar kuwa sai ƙara gudu take. Ya ce, "Riƙe yarinya!" Ga tirela a gabanmu, ga mata masu tallan doya a bakin titi. Ya karya sitiyari muka faɗa gonar dawa, karan dawa na ta dukanmu a fuska har motar ta cije a kunya ta tsaya. Goshin Ummi ya bugi ƙarfen gaban mota ya fashe. Har yau tabon yana nan, kullum in ina yi mata kitso sai na gan shi. Ku da za ku yi mini hukunci, a cikinku wa ya taɓa riƙe 'yarsa jini na bin hannunsa saboda abin da aka saya sabo fil a leda?

Aka sa janwe ya ja ta zuwa Kaduna. A nan muka ga ainihin 'yan uwantakar. Manajan da ya buɗe masa ƙofa yanzu kullum yana taro. Maigadin da ya taɓa sara masa ya nuna masa benci a rana. Ya yi ta sintiri tsakanin nan da Kaduna a motar haya, yau a ce kayan gyara suna kan teku, gobe a ce jirgin ya iso amma bai samu wurin tsayawa ba. Da ya matsa, wani akawu ya ce masa da gurguwar Hausarsa, "Oga, wannan mota ba don hanyar ku aka yi shi ba. Kai ne ba ka iya tuƙa shi." Ko sau ɗaya ba wanda ya tambayi lafiyar yarinya. Daga ƙarshe suka ce sun gyara, suka sa shi ya sa hannu, suka miƙo masa mukulli. Ba a daɗe ba birkin ya sake shanyewa a cikin gari, ya take akuyar mutane a bakin kasuwa. Da yaro ne fa? Ya koma, suka ce ai birkin motar tsere haka yake in ya yi zafi, ya riƙa tafiya a hankali. Motar da suka sayar masa don gudu!

Na roƙe shi. Na durƙusa, abin da ban saba ba, na ce ya ajiye ta. Ya ce, "Malama, in na ajiye ta garin nan gaba ɗaya zai yi mini dariya. Kuma kamfani zai ce ai ga shi na haƙura." Na kai ƙara wajen mahaifiyarsa, ta yi masa faɗa, ya ce to, washegari na ji ƙarar injin tun daga ɗaki. Abin da ya fi tayar mini da hankali, Ummi ta manta da ciwonta, da ta ji ya tayar da mota sai ta ruga, shi kuma ba ya iya ce mata a'a. Ina aji ina koyar da lissafi, kunnena yana waje, duk wanda ya shigo harabar makaranta da sauri sai gabana ya faɗi.

Mahaifina direban babbar mota ne, Allah ya ji ƙansa. Tun ina yarinya nake jin yana tsine wa masu sayar da fetur gauraye da ruwa, yana cewa mota ba ta da maƙiyi kamarsa. Wata Asabar ina wanke Silifa, ga mukullin tanki a hannuna, ga bokiti a gabana. Ban yi dogon tunani ba. Na buɗe, na ɗebi ruwa da kofin silba na zuba, na rufe, na goge bakin tankin tas. Da yamma ya fita, bai kai ƙarshen layinmu ba ta fara tari ta mutu. Da na hango matasa suna turo ta gida, wallahi wani sanyi na ji a raina wanda rabona da shi tun ranar gonar dawa.

Janwe ya sake zuwa. Makonni motar tana Kaduna, makonni ina barci har da minshari. Suka dawo da ita, suka ce laifin man bakin titi ne. Birkin fa? Ba su ko kalle shi ba. Sai na sake. Suka gyara, na sake. Kunya kam na ji ta, ba zan ɓoye ba. Na ji ta ranar da ya dawo daga Kaduna a gajiye, ƙura har gira, ya zauna a tabarma ya ce, "Malama, da ba ki tsaya mini ba da mutanen nan sun haukata ni." Na tashi na zuba masa tuwo. Amma nadama daban, kunya daban. Mijina yana shiga motar haya yana dawowa da ƙafafunsa biyu. In laifi ne wannan, to na yi, kuma da za a mayar da ni baya sai na sake yi.

Inda abin ya juya mini shi ne da suka kawo sabon bakanike. Shi ya zazzage tankin a kwano ya nuna wa manaja, ya ce wannan ruwan ya fi ƙarfin na masu gauraya mai, da hannu ake zuba shi. Kun ga mutanen da suka yi ta ɓuya? Nan da nan manaja ya samu lokaci. Aka kira maigidana har ofis, aka ba shi kujera, aka ce masa garanti ya mutu, tunda ana yi wa motar ɓarna a gidansa, kuma wa ya sani ko birkin ma hannu aka sa masa. Birkin da ya shanye tun ban taɓa ɗiga mata ko ɗigo ɗaya ba! Wannan shi ne abin da ke cina a rai. Sun daɗe suna neman ƙofar da za su tsere, ni da hannuna na buɗe musu.

Maigidana ya dawo yana huci. Ya ce ƙarya suke, sharri ne, sai ya kai su kotu, sai ya buga su a jarida. To kamfanin yana da wakili, wani Alhaji da ba zan faɗi sunansa ba, wanda ta hannunsa aka yi cinikin. Shi yanzu idonsa yana kan manyan ma'aikatan da ake turowa aikin sabon birni, ba ya son sunansu ya ɓaci a garin nan. Sai ya zo da kansa aka yi zaman sulhu a zauren kawun maigidana, da liman da dattawa biyu. Ni ina cikin gida wajen matar Kawu, katanga ce kawai tsakaninmu, ina jin komai.

Alhajin ya ce, "Mu Musulmi ne, ba sai mun je gaban Bature ba. In za ka dafa Alƙur'ani cewa ba a zuba wa motar nan komai a gidanka ba, ni na ɗauki nauyi, za mu karɓe ta mu ba ka mai ƙofa huɗu sabuwa."

Maigidana ya ce, "A kawo yanzu. Da alwalata."

Alhajin ya ce, "A'a, mutum ba ya rantsuwa a kan hannun wani. Ban da kai, wa ke riƙe mukullin tankin?"

"Iyalina ce kawai. Ita ke wanke ta."

"To ita za ta dafa."

Liman ya ce a yi hattara, rantsuwa ba abin wasa ba ce. Sai na ji muryar maigidana, da alfahari, har yana dariya: "Malam, matata ko ƙwayar gero ba ta taɓa ɓoye mini ba. Ku sa rana." Matar Kawu ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin ji yadda ake yabonki, 'yar nan." Aka sa Lahadin ƙarshen wata.

Yanzu ku duba inda nake. In na dafa, motar nan ta bar gidana har abada, abin da nake roƙon Allah dare da rana, kuma kamfani ya biya abin da tun farko hakkinsa ne ya biya. Amma in ɗora hannuna a kan littafin Allah in faɗi abin da na san ƙarya ne? Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane kada su ce wallahi a kan alli? Ba zan iya ba. In kuma na ƙi, ko na faɗi gaskiya, Alhaji zai naɗe babbar rigarsa ya koma Kaduna yana murmushi, manaja ya wanke hannunsa, jinin Ummi ya tafi a banza. Motar ta dawo ƙofar gidanmu da ruɓaɓɓen birkinta, kuma mukulli ba zai ƙara shiga hannuna ba. Mijina kuma, wanda ya bugi ƙirji da ni a gaban kawunsa da liman, da wane ido zai kalle su? Da wane ido zai kalle ni?

Na san abin da wasunku za su rubuto. Za a ce mace ba ta yi wa mijinta dabara a ɓoye, za a ce da na yi haƙuri na bar wa Allah. Na ji. Amma ku fara aika wa'azinku Kaduna, wajen waɗanda suka sayar wa mutum abin da ba ya tsayawa, suka ga jinin yarinya suka ce a zo gobe. Su wa ya ce su dafa? Me ya sa ba a ce manaja ya rantse cewa birkin nan lafiyarsa ƙalau ba? Su suka yi ƙarya da takarda da hatimi ba wanda ya ce uffan, ni da na yi tawa da kofin ruwa don kada in zama gwauruwa, ni ce za a tsayar a gaban liman. Malamai masu karatu, ku gaya mini, akwai wata hanya ta uku da ban gani ba?

Jiya da yamma ya dawo daga kasuwa da sabon mayafi fari, ya ajiye mini a kan gado. Ya ce, "Wannan za ki yafa ranar Lahadi, Malama. Ina so Alhajin nan ya ga irin matar da ya ce a rantsar." Na ce na gode. Mayafin yana nan a ledarsa, na kasa buɗewa.

Uwargida, don Allah ki buga wannan kafin ƙarshen wata. Jama'a, me zan yi?