Wa Zai Gaya wa Rufaida?

Alhamis, 22 ga Fabrairu
Gobe za mu bar Riyad zuwa tsibirin Farasan. Wai hutu. Gaskiyar magana kamfanin su mijina Sharif ya ƙi sabunta masa aiki, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, bayan Sallah sai Kano. 'Yarmu Rufaida ba ta sani ba. A nan unguwarmu Malaz aka haife ta, Larabci take mafarki da shi. Dabarar ubanta ce a kai ta bakin teku, in ranta ya yi sanyi sai ya gaya mata. Na ce to, mu gani.

Asabar, 24 ga Fabrairu
Jirgin ruwa daga Jizan ya juya min ciki, na yi amai har na ji kunya. Sharif kuwa sai hoto yake ɗauka kamar an ba shi kwangila.

Lahadi, 25 ga Fabrairu
Yashi fari tas, ruwa garau, ana hango ƙananan kifaye. Ni dai abayata ta jiƙe ta manne min, ƙafa duk gishiri. Na bar su su biyu da gangan, na koma mota na zauna ina gumi. Da suka dawo na harare shi, ya kawar da kai. Ashe labarin ƙaguwa suka yi! Mutumin da ke tsayawa gaban manaja ya yi bayani, yarinya 'yar sha huɗu ta gagare shi.

Litinin, 26 ga Fabrairu
Bai faɗa ba.

Talata, 27 ga Fabrairu
Yau kangaye aka kai mu, tsohon ƙauye na dutse, ba kowa sai awaki. Bango a tsaye, rufi babu. Can gaba wasu manyan duwatsu a zube, masu rubutun da ko mai yi mana jagora bai iya karantawa ba. Larabcinsa da sauri kamar ana korarsa, Rufaida ce ke fassara min, kamar yadda ta saba yi a asibiti da kasuwa.

Na tambayi ina masu gidajen suka tafi. Ta tambaye shi, ta juyo ta ce, “Ya ce sun tashi ne kawai, Umma. Kamar mu.”

Na ce mu wa? Ta ce ai ranar da mai gidan da muke haya ya kira yana tambayar yaushe za mu ba shi mabuɗi, ita na miƙa wa wayar. Wallahi na manta sam. Na ɗauka maganar gyaran famfo ce, haka ta ce min a lokacin. Tun watan jiya yarinyar nan take ɗauke da abin ita kaɗai.

“Me ya hana ki magana?”

“Baba ya riga ya biya kuɗin masauki a funduƙ. Haram a ɓata masa.”

Na zauna a kan dutsen mutane na fashe da kuka, mai jagora ya rasa inda zai sa idonsa. Sharif ya cire hula ya mayar. Haushi ya cika ni, na rasa na wa nake ji.

Laraba, 28 ga Fabrairu
Rufaida da ubanta sun shiga ruwa suna ta ihu. Ta tambaye ni ko 'yan ajinsu a Kano za su yi wa Hausarta dariya. Na ce za su yi, su gaji.

Asabar, 2 ga Maris
Mun dawo Malaz. Rufaida ta roƙo kwalaye a baƙala, kantin ƙasan gidanmu, har ta fara ɗaure littattafanta. Sharif ya sa motarsa a kasuwa. Shekara da shekaru ni ce mai ƙorafin a mayar da ni gida, kowa ya shaida. Saura in kira yayata Dije in ce muna tafe. Na ɗauki wayar ɗazu, na tsaya a taga ina kallon titinmu, har aka kira la'asar. Wataƙila ma ba ta gida yanzu.