Sifirin da ya rage a aljihuna

Daren Laraba, Tambuwal.

Ina cire riga sai wani ƙaramin sifirin, nannaɗaɗɗen ƙarfen nan, ya faɗo daga aljihuna. Na birkin baya ne, na tsohuwar a-kori-kurar Kawu Sani.

Maigidana da ya koya mani aiki kullum cewa yake a kwance gefe ɗaya, a bar ɗayan ana dubawa. Yau don gaggawa na kwance duka biyun, na mayar da su da ka, ba abin dubawa. Kawu ya taka birki bakin gareji, ya ce, "Ya kama, ɗana, Allah shi yi albarka."

Yana Kebbe yanzu. Da asuba zai taso da 'yan kasuwa bisa buhunan gero. Sau bakwai ina kiransa, wayar a kashe take.

Ban ma san na wane gefe ne ba.