Geron da Ke Saman Soronmu

Zuwa ga Innata, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ƙara miki hasken kabari.

Inna, ina rubuto miki ne daga ɗakinki na unguwar Utaibiyya, nan Makka. Mudir, wato shugaban makarantar da nake koyarwa, ya ba ni zaɓi: ko in bar darasin lokutan shekara, ko in bar ajin. Wasu iyaye sun kai ƙara wai ina koya wa 'ya'yansu duba.

Ga abin da ya faru. A hajjin bana na haɗu da wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin a masaukinsu na unguwar Jarwal. Zafin nan na Makka da kika sani, amma ita ta ɗora rigar ulu! Na tambayi ɗanta, mai jin Larabci. Ya yi dariya, ya nuna min kalandarta. Sun raba shekarar rana kashi ashirin da huɗu, kowanne da sunansa: Farkawar Ƙwari, Ruwan Hatsi, Saukar Jaura. Ranar kuwa Farar Raɓa ta kama, lokacin da sanyi ke shigowa ƙauyensu, kowa ya rufe jiki. Jikinta na Makka, amma lissafinta na gida.

Nan take ke na gani. Shekara talatin ba ki ga daminar Sakkwato ba, amma kullum taurarin Kaza da 'Ya'yanta suka ɓace a sama, sai ki hau soro ki shuka gero a tsohon gwangwanin madara. Maƙwabta na miki dariya, ke kuma ki ce, “Wanda ya manta ranar shuka, ya manta gidan ubansa.”

Shi ne na jera wa ɗalibaina lissafi uku a allo: na Sin, na Larabawa da tauraronsu Suhail mai karya zafi, da namu, bazara, damina, marka, kaka. Yaran da suka tashi a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, Hausarsu rabi da rabi, suka yi ta tambaya har aka tashi. Wata ta koma gida ta tambayi kakanta mene ne marka, tsohon ya yi hawaye.

Wannan ne duba, Inna? Mai duba cewa yake tauraro ke yi. Ke kuwa kin koya min Allah ke yi, tauraro alama ce kawai. Shi ya halicci rana da wata don mu san lissafi. Ba zan goge allon nan ba. In za su kore ni, su kore ni da alli a hannuna.

Ban fasa shukarki ba ko shekara ɗaya. Geron bana ya fitar da zangarniya biyu, ƙanana, amma sun nuna. Gobe zan kai ɗaya aji, in ajiye ɗaya a teburin mudir.

Allah ya sanya kabarinki dausayin Aljanna, ya shayar da ke ruwan da kika yi ta jira.

'Yarki mai riƙe da irinki,
Hadiza